Abin da Ya Zauna a Ƙugun Babana

Ruwa ake yi a Valdivia tun Litinin,
irin wanda ba ya tsawa, ba ya ɗaukewa.
Ƙarfe biyun dare, ni kaɗai a ɗakin bincike,
ido a kan madubi, shayi ya huce a gefe.

Cikin ɗigon da bai kai kan allura ba
ga su nan, dubu kan dubu, suna iyo,
kowace da 'yar wutsiyarta tana kaɗawa,
ba dangin iya, ba na baba,
inda abinci ya yi kira, can suka nufa.

Sai ɗaya ta taɓa gilashi.
Taɓawar ke nan,
can cikinta, inda ba kunne ba baki,
wasu maƙera suka hura wuta
suka shiga ƙera wani ɗan zobe,
tagwaye ne riƙe da hannun juna.
Sunansa a littafi haruffa ne marasa daɗin faɗa.
Ni dai Zauna nake ce masa.

Zobe ɗaya ba ya amo.
In suka taru sai wutsiya ta yi sanyi,
jiki ya fara tsattsafo da yauƙi,
wannan ta manne, waccan ta hau bayanta,
kafin gari ya waye an ja ganuwa,
an bar lunguna don ruwa ya wuce.
Magani ya zo da fushinsa,
ya kashe na bakin ƙofa,
na ƙurya suna barci, ba su ma ji sallamarsa ba.

Babana, Eleuterio Cárcamo,
shekara arba'in a kwale-kwale tsakanin Corral da tsibirai.
Bai taɓa cinye kwana bakwai a gida ba.
Inna Herminda takan ce
ko kujera ba ta san nauyinsa ba.
Ranar da na gama makaranta yana teku.
Ranar da muka binne ta,
ya iso ƙasa ta riga ta bushe.

Bara ya zame a kan matakalar kasuwar kifi,
zakunan teku suna ta gurnani a ƙasa.
Aka sa masa ƙarfe a ƙugu.
Wata guda, ƙarfen ya yi baƙi,
baƙin da suka taɓa, suka ji daɗin wuri,
suka ƙera zobensu.
Wata tara ke nan yana gado na shida, kusa da taga,
yana ƙirga jiragen da ke gangara Calle-Calle.
Abin da kukanmu bai iya ba,
abin da ido ba ya gani ya iya.

Amma maƙeran ba su kaɗai ba ne.
Akwai masu almakashi a ciki.
In abinci ya ƙare, ko iska ta sauya,
sai su bi zobba suna datsewa,
yauƙi ya saki, wutsiya ta farka,
gari ya watse kamar kasuwa ta ga hadari.
Su nake farauta shekara shida,
in koyi yadda ake raɗa musu: lokaci ya yi.

Jiya na kai masa miyar kifi,
na zana masa zoben a bayan takardar magani.
Ya daɗe yana dubawa.
Ya ce, Ximena, wato har su
sai an gaya musu daga ciki?
Na ce haka ne.
Ya ce, to ni nawa maƙeran ragwaye ne.
Ya yi dariya har ciwon ya tsayar da shi.

Yanzu na ɗiga sabon haɗi a faranti na goma sha bakwai.
Gefen ganuwar kamar ya fara sakewa,
ko kuwa idona ne ya gaji.
In ya yi, wata rana zai miƙe da ƙafarsa,
na kuma san inda ƙafar za ta nufa.
Na rubuta lokaci a littafi.
Na ƙara ɗigo ɗaya.