Ƙofar Da Ta Ƙi Gyaruwa

Bayan tashar bas ta Peterhead,
inda iska ke kwaso ƙarnin kifi daga bakin teku,
akwai ɗaki mai kujeru goma sha ɗaya,
biyu guragu.
Nan nake aiki. Cibiyar iyali ake ce mana.
Butar shayi ta girme mu duka a aikin.

Talata muna auna jarirai.
Laraba a raba taliya, madara, waken gwangwani.
Elspeth na cike wa mutane takardun kuɗin haya,
tana lasar yatsa, tana yi wa kwamfuta tsaki.
Sauran kwanaki, duk wanda ruwan sama ya koro, namu ne.

Murdo ya zo a watan da rana ke faɗuwa tun ƙarfe uku da rabi.
Shekara arba'in a teku,
tafin hannunsa ya koma igiyar da ya ja.
Bai zauna ba.
Ya ce, "Ƙofarku na kuka. Wucewa nake, na ji."
A bayansa yaro ɗan shekara huɗu,
rigar sanyi ta manya, an naɗe hannunta sau uku,
takalmin hagu a ƙafar dama.

Na ga takalmin. Ya ga na gani.
Na ce, "Ai kuwa ta ishe mu."

Ya durƙusa da mai da sukudireba.
Yaron, Struan, ya cinye biskit shida,
ya cusa na bakwai a aljihu.
"Na mamata ne, in an sallamo ta."
Sukudireba ta tsaya cak.
Ba wanda ya ce uffan, sai buta da ke huci.

Ban miƙa masa takarda ba.
Akwai mutumin da in ka ce masa "me kake bukata?"
ka kore shi ke nan.
Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo,
amma ba kowa ke so a leƙa rufinsa ba.
Na ce, "Ba mu da kuɗin lada. Ga dai jaka."
Ya auna ta a hannu, ya kau da kai, ya tafi.

Da kowa ya watse,
na ɗauki wuƙar burodi
na sassauta ƙusa biyu.

Ya dawo yana mita: "Wa ke wasa da ƙofar nan?"
Daga ƙofa sai famfo,
daga famfo sai kujerun nan guragu.
A mako na biyar ya zauna kan wadda ya gyara,
wai gwada ta yake,
sai magana ta ɓalle.
'Yarsa Ailsa, ƙwayoyi, gadon asibiti a Aberdeen.
Mitar gas da ke cin kuɗi kamar wuta a busasshiyar ciyawa.
Kuma bai iya wanke kan yaro ba
ba tare da sabulu ya shiga ido ba.
Wannan ne ya sa shi kuka, ba sauran ba.

Elspeth ta turo takarda a hankali, kamar ba ita ba.
Ya sa hannu.

Ailsa ta dawo da dogayen ranaku,
a rame, amma da ƙafarta.
Biskit ɗin ya zama gari a aljihu.
Ta lashe shi daga tafin ɗanta.

Ran nan Murdo ya ajiye sukudireba a teburina.
"In za ki kwance ƙusa, daina sa wuƙa.
Kina cinye mata kai."

Jiya wani saurayi ya tsaya a waje da keken jariri,
ya karanta allonmu sau uku, ya juya zai tafi.
Na ji muryar tsohon daga bakin ƙofa:
"Kai, ɗan samari, zo riƙe mini nan.
Hannu ɗaya ba ya iya ta."

Na kunna buta.