Kwanon Gidanmu na Kwarbai

Barau kafinta ya hau da sassafe,
ya ɓamɓare kwanon da Baba ya buga
shekarar da aka yaye ni.
Tsatsa ta zubo kamar garin barkono.
Azara uku gara ta cinye cikinsu,
kunya ce kawai ta hana su faɗuwa.

Yini guda ɗakin Inna ba hula,
shirwa na leƙen gadonta.
A tsakanin katako muka tsinci rasit ɗin Sabon Gari:
bandir biyu, da sa hannun mamaci.

Jiya hadari ya rufe Kufena,
ruwa ya kece.
Ko ɗigo.
Amma Inna ta tashi tsakar dare,
ta jera kwanoninta bakwai inda suka saba kwana,
ta zauna tana jira.