Ƙofa Huɗu

Ƙarfe goman dare a Jekadafari,
janaretan maƙwabci na tari kamar tsoho,
daga ni sai kwamfuta sai shayin da ya huce.
Shafin ƙungiyar 'yan hatsi ne a gabana.
Ƙofa huɗu na yi masa bara:
Hausa, Fulatanci, Tangale, Turanci.

Tun Talata Goggo Dudu ta bugo daga Dukku.
"Yaro, abin nan naka ba shi da kunya.
Na danna Fulatanci, ya gaishe ni har da tambayar gida,
na ce bari in leƙa kuɗin wake,
sai ya juya mini harshe
kamar bai taɓa ganina ba.
Ko wanda nake bi bashi bai yi mini haka ba."

Lamela na Billiri bai ce komai ba, hoto ya turo.
Tangale ya nema, aka miƙa masa Hausa,
Hausar ma gurguwa:
duk harafin da ke da lanƙwasa
an tsige shi, an dasa alamar tambaya.
Ga ?ari nan tsaye a gefen buhun masara.
Ɗari ne? Ƙari ne? Ko ɓari aka yi?
Wa zai ɗauko mota daga Billiri a kan wannan?

Na bi rubutun layi-layi
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Na zargi uwar garke. Na zargi wayar Goggo.
Na zagi wanda ya sayar mini da data.
Sha biyu ta wuce kafin in kama ɓarawon,
ashe a aljihuna yake kwana:
layi ɗaya, da hannuna na rubuta shi
ana jibi Salla, ina sauri in kai wa tela ɗinki.
Cewa na yi,
in ba ka tuna baƙo ba, yi masa Turanci.
Shafin kuwa ba ya tuna kowa.
Kana tsallake ƙofa ka zama baƙo.

Na jingina da bango, innata ta faɗo mini.
Shekara ashirin tana auna gero a Tudun Hatsi.
Mai nono ta zo, su yi Fulatanci,
direba ya leƙo, ta sallame shi da Hausa,
ta juya ta ƙarasa ciniki da wata da Teranci
mudu bai bar hannunta ba.
Wanda ya zo da rani, in ya dawo da kaka
da harshensa za ta tarbe shi.
Ba wanda ya taɓa danna mata komai.

To, sai na ƙulla wa kowane baƙo ɗan ƙulli
irin wanda mata ke yi a bakin zane don kada su manta,
ya shiga da shi ɗaki, ya fita da shi.
Na ba kowane harshe layinsa da adireshinsa.
Na buɗe wa masu lanƙwasa hanya,
ƙ da ɗ da ɓ suka shigo da hulunansu.

Wuta ta ɗauke. Na ƙarasa da hasken waya.
Wake, Fulatanci. Masara, Fulatanci.
Gero, ridi, komawa farko:
yana nan, bai kauce ba.
Saura maɓalli ɗaya a ɓangaren Tangale,
wanda ke cewa "koma baya".
Ban san kalmar ba, ba kuwa zan ƙaga ba.
Sai Lamela ya tashi.

Da hantsi Goggo ta sake bugowa.
Na gyara zama, ina jiran sa albarka.
Ta ce, "Yanzu kam na ji shi sarai.
Wa ya ce masa wake ya faɗi haka?"