Kwandon Sharar Torleif

A Skjervøy rana kan yi yaji a ƙarshen Nuwamba,
ta tattara komatsanta ta faɗa bayan duwatsu,
ba mai zuwa biko, sai Janairu ya tsufa.
Ni kuwa ina masana'antar kifi, gab da tashar jiragen ruwa,
ina feɗe cikin kifi tun safe har kafaɗa ta mutu,
in na koma ɗaki kuma
sai biskit, sai lemon gwangwani,
sai gahawa baƙa, kofi shida, bakwai in dare ya yi tsawo.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Ƙarfe uku zuciyata kan riga ni farkawa,
tana bugun ƙirji kamar mai bin bashi a ƙofa.
Ban ci bashin kowa ba.
Sai in kwanta ina ƙirga abin da bai faru ba:
za a kore ni, jirgin ƙanena zai nutse,
wannan tarin ba tari ba ne.
Da safe takalmi kan yi mini nauyin anga.

Oddrun ce ta tona ni,
tsohuwar ɗakin ƙasa, mai ƙafa ɗaya ta ƙarfe.
Ta tare ni a matakala, ta ce,
“Torleif, na leƙa shararka.
Leda ce zalla. Ba ƙaya, ba ɓawo.
Gidan da ba a zubar da ɓawon albasa
akwai majinyaci a cikinsa.”
Na ce gajiya ce.
Ta ce, “Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sauko.”

Ta dafa kifi da hantarsa,
dankali, karas, baƙin burodi mai tauri,
da nono mai tsami da ya sa na runtse ido.
Sannan cokali guda na man hantar kifi,
ta tsaya a kaina har na haɗiye.
Ban ji komai ba sai ƙarni.

Ita ta tura ni wajen likita Nyborg,
wadda ta ɗebi jinina, ta ce wasu abubuwa sun yi ƙasa,
ta ba ni ƙwayoyi, ta ba ni Alhamis don mu riƙa magana.
Ta ce, “Magani da aikinsa, tukunya da nata,
kada ka haɗa su faɗa.”

Makon farko kaina ya yi kamar zai tsage,
jikina na kukan sukari kamar yaron da aka yaye.
Na biyu, shiru.
A na uku na buɗe ido na ga ƙarfe biyar da rabi,
na daɗe ina kallon agogon, ina zaton ya lalace.

Wani dare na koma gidan jiya,
na cinye fakitin biskit a tsaye, cikin duhu,
na yi kuka a kan ledar.
Oddrun ba ta yi faɗa ba,
ta dai miƙo mini wuƙa da kabeji.

Ba zan ce baƙin ciki ya tafi ba.
Dā a ƙirjina yake kwana,
yanzu ya koma ƙarƙashin tebur kamar tsohon kare,
yakan ɗaga kai in na daɗe ban kunna murhu ba.

Ranar da rana ta leƙo, minti kaɗan, ja kamar kunya,
yaran makaranta suka fito da burodi mai zaƙi.
Na ci ɗaya. Oddrun ta ci biyu, ta ce ita ta tsufa.
Da yamma na sauko da sharata,
ta tsayar da ni, ta kwance bakin ledar,
ta ga ƙaya, ta ga ɓawo,
ta toshe hanci,
ta ce, “Yauwa. Yanzu tana wari irin na masu rai.”