Ƙidaya

Ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Na sake ƙirgawa, haka ne.
Na sa hannu a littafi, na miƙa mabuɗai,
amma nauyinsu ya biyo ni har Rafin Daɗi,
yana reto a ƙuguna, inda babu komai.

Hurera ta ce jiya da tsakar dare
na tashi ina haska yara da tocila,
ina cewa, "Huɗu. Ina na biyar?"
Huɗu gare mu.

Tuwo ya huce a kwano.
Ɗiyata ta yi dariya, na daka mata tsawa
da muryar da na manta ban cire ba
tare da kaki.

Sajan Lurwanu ya shekara ashirin a bakin ƙofa.
Yanzu yana zaune gindin bedi a Ƙofar Marusa,
in an buga ƙyaure sai ya miƙe ya ƙame.
An ce iskoki ne.
Na san su, tare muke zuwa aiki.

Tsohon da ya saci akuya ya ce mani,
"Yallaɓai, saura mani wata bakwai.
Kai fa?"
Na buɗe baki,
sai aka kaɗa ƙararrawar ƙidaya.