Lamba Ɗaya

Ƙarfe biyun dare, an ɗauke kuran a Sabon Gari.
Batir ke riƙe da na'urar ofishin ruwa,
ni ina gadinta, shayina ya huce.
Na buɗe rajistar ayyukan da ke numfashi a cikinta:
kowa da lambarsa,
kowa da lambar ubansa a gefe.

A nan ba a haihuwa sai da tsagewa.
Aiki yakan rabe biyu kamar ƙwayar gyaɗa,
ɗan ya farka daidai layin da uban ya tsaya,
da tunaninsa, da bashinsa,
da ƙofofin da ya bari a buɗe.
Amsa ɗaya ce ta raba su:
a ce wa uba, ga lambar ɗanka,
a ce wa ɗa, sifiri, kai ne baƙon.

Haka baba ya so ni.
Baduku ne a Birni, gindin duwatsu,
ya ɗora mini basilla tun tafina bai iya rufe ta ba.
Har tarinsa na gada.

Sai dai akwai kira na biyu, wanda ba a komowa daga gare shi:
a juye ɗan kaf, a ɗura masa wani aikin,
kamar salkar da aka zubar da ruwanta aka cika da mai.
Lambar ce kawai ba ta canja ba.
Ni ma lakwal ta juye ni.
Sunan baba na nan a takarduna,
amma yau ko zaren layata ya tsinke, sai na biya a ɗinka.
Ƙofofin nan ne suka bi ni:
warin jima, da yadda nake lasar zare kafin in yi tunani.

Uba kuma aikinsa jira.
Idan ɗa ya gama, ba ya gushewa nan take,
sunansa na tsayawa a rajista, ba rai, ba nauyi,
sai an zo an tambayi yadda ya ƙare.

Baba ya jira Hankurau shekara huɗu,
tun da ya hau mota zuwa zinariyar Jado.
Bakin zaure, rediyo a cinya.
Baban ne ya riga tafiya.

Na'ura ba ta barin maraya a titi.
Kafin ƙiftawar ido an goge lambar uba,
an rubuta ɗaya.
Lamba Ɗaya, wadda ta fara farkawa,
wadda in ta faɗi, gida ya faɗi.

Tamu Gwaggo Tsahara ce, mai ƙuli-ƙuli a Garin Malam.
Ba ta tambaye mu ko mun yi kama da ita ba,
ta ƙara tsaba a turmi, shi ke nan.
Ranar da wayar Jado ta shigo, ita ta ɗauka.
Ta ce, rijiya ce ko zazzaɓi?
Aka faɗa mata.
Ta yi salati, ta raba waina,
sannan ta ɗauke takalmansa daga zaure.

An dawo da kuran. Fanka ta yi tari ta tashi.
Masu ga-ruwa sun fara jera jarkoki bakin famfon da bai ce komai ba tukuna.
A allo, ga wani ƙaramin aiki, dubu huɗu da ɗari da bakwai,
yana ƙirga mitocin unguwar Kara-Kara,
ubansa ya mutu tun magariba.
Na ɗora yatsa in kashe shi,
sai na ga ɗaya a gefensa.
Na tashi na hura gawayi.