Sa'ar Haihuwa

Yating, kin kira daga Shenzhen da tsakar dare,
muryarki na rawa kamar murfin tukunya a wuta:
"Mama, rayuwarki a hannunki take,
me ya ɗaure ki da shi?"

Ina jin ki. Ina kuma jin tarin babanki ta bayan bango,
Derong, wanda ya zubar da kuɗin jirgin kamun kifinmu
a teburin caca cikin dare uku,
ya dawo da asuba yana warin giyar shinkafa,
ya nemi kunu, na dama masa.

Matan layinmu a Quanzhou sun ce jan zare ne,
tsohon da ke zaune ƙarƙashin wata ya ɗaura mana a ƙafa
tun ba mu san dama da hagu ba.
Yakan miƙe, yakan harɗe, ba ya tsinkewa.
Surukata kuwa ta rubuta harafin haƙuri da baƙar tawada,
ta manna mini a madafa:
wuƙa a sama, zuciya a ƙasa.
Shekara arba'in ina yanka albasa a gabansa.

To, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.
Ranar da aka kai sa'o'in haihuwarmu gun mai duba,
ya lissafa, ya girgiza kai:
ruwa da wuta ne, ba sa zama kwano ɗaya.
Da la'asar na koma ni kaɗai
da agwagwa biyu da 'yan kunnen kakata.
Ya ɗan matsar da sa'ata, daga ta zakara zuwa ta kare.
Washegari sama ta amince.

Kin gani, ni na ƙulla zaren da haƙorina,
don yadda yake fito idan yana ɗinkin koma.

Amma in mai bin bashi ya buga ƙofa
nakan kunna tsinken turare uku, in ce rabo ne,
maƙwabta su gyaɗa kai, in samu barci.
Kayan da sama ta aza maka, kowa na kama maka.
Wanda ka aza wa kanka, ko gammo babu.

Yau littafin banki na ƙarƙashin buhun shinkafa, da sunana.
Ni ke ƙirga masa maganin hawan jini,
shi ke riƙe da makullin ƙofa, yana kaɗawa.

Kwanta, gobe akwai aiki.
Yaron nan naki, aiko mini da sa'ar haihuwarsa.
Mai duban ya rasu, ɗansa na nan.
Sai dai ki fara faɗa mini amsar da kike so,
agwagwa ta yi tsada bana.